Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinan Ilimi da Shugaban Hukumar Ilimin Bai Ɗaya (SUBEB) na Jihar Bauchi: A Ɗauke Bitar Kwamfuta Daga Otal a Kai Ta Aji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandaren gwamnati a ƙasar Katagum. Na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a maimakon in bi ta ofis, domin maganar ta shafi dubban malamai, kuma ina so su ma su karanta, wanda ya ga na kauce ya yi gyara. Magana ce a kan yadda ake horar da mu amfani da kwamfuta da waya da intanet wajen koyar da darasi. Roƙona guda ɗaya ne, sauran duk bayani ne: a daina auna wannan horo da yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halarta, a koma auna shi da abin da ya sauya a cikin aji. Idan aka amince da haka, dole bitar ta bar zauren otal ta koma makaranta, kuma dole a gina ta a kan abin da malami ya riga ya mallaka, wato wayar da ke aljihunsa.

Ba sai na ɓata muku lokaci wajen nuna cewa zamani ya riga ya yi gaba ba. JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta jingine takarda da fensir gaba ɗaya. WAEC ta bi sahu a 2024, ta fara da masu rubuta jarrabawa daga waje. Mu kanmu, jarrabawar samun lasisin koyarwa ta hukumar TRCN a kan kwamfuta ake yin ta. Ku leƙa wata cibiyar jarrabawa a Bauchi ko Azare lokacin JAMB, za ku ga yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan madannan kwamfuta ba sai ranar. Ya san amsa, amma hannunsa na rawa, agogo na tafiya. Ta hannunmu wannan yaron ya biyo, shekara goma sha biyu cur.

Bari in faɗa muku yadda bitar take daga kujerar baya, tunda ku a kujerar gaba ake ajiye ku, kuma kukan tashi da zarar an kammala bikin buɗewa. Ba zan kama sunan kowa ba, don ko wa ya shirya, salon ɗaya ne. Saƙo zai shigo ta WhatsApp da daddare cewa gobe ƙarfe takwas a hallara. Malami zai yi sammako ya hau motar haya da kuɗin aljihunsa. Ba za a fara ba sai wajen sha ɗaya, ana jiran babban baƙo. A yi jawabin maraba, a yi na buɗe taro, a yi na godiya, a fita a jeru a gaban ƙyallen da aka buga sunan shirin a ɗauki hoto. Sannan mai horarwa ya kunna majigi. Galibi matashi ne, ba laifi yana da iliminsa, an ɗauko shi daga Abuja ko Legas, amma bai taɓa tsayawa gaban yara tamanin da alli a hannu ba. Zai yi ta karanta abin da ke jikin bango da Turanci: ma'anar fasahar sadarwa, tarihin kwamfuta, sunayen sassanta. Idan aka zo gwaji, laftof ɗaya ce ga mutum shida ko bakwai. Wanda ya riga ya iya shi zai ja kujera ya zauna a gabanta, sauran su yi masa rumfa suna leƙe ta saman kafaɗarsa, malama mai goyo kuwa tana can bakin ƙofa tana jijjiga yaro, ko allon ba ta hango ba. Janareta ya ɗauke, a raba shinkafa a roba, a yi sallar azahar. Layin da ya fi kowane darasi samun natsuwa shi ne na sa hannun kuɗin mota. Ranar ƙarshe a miƙa wa kowa satifiket.

Ranar Litinin malamin nan zai koma ajinsa. Babu soket a bango, balle majigi. Tagogi babu murafu, wasu yaran a benci, wasu a ƙasa. Zai ɗauki alli ya ɗora daga inda ya tsaya ranar Alhamis. A rahoto kuwa an riga an rubuta cewa an horar da shi.

Sai a ce wanda ya halarta ya je ya koya wa sauran. Abin da aka yi kwana biyar ana koyarwa a babban birni sai ya koma kwana biyu a shiyya, ya koma rabin yini a ƙaramar hukuma, ya ƙare a sanarwar minti ashirin a ofishin malamai kafin a kaɗa ƙararrawa. Kamar shayin da ake ta ƙara wa ruwan zafi ne, kafin a zo kofin ƙarshe sai launi kawai. Ga kuma batun wa ake zaɓa. Duk malamin da ke jihar nan ya san akwai shafaffu da mai. Sunan da ya fito a bitar koyar da karatu shi zai fito a ta lissafi, shi zai fito a ta kwamfuta, wani ma rabonsa da shiga aji tun da aka mayar da shi ofis. Malamin da ke Burra ko Lame ko Duguri ko Udubo sai dai ya ga hotuna a waya.

Na san amsar da za a fara ba ni ita ce kayan aiki: a sayo kwamfutoci tukuna, horo ya biyo baya. Ranku ya daɗe, an gwada wannan hanya, a nan da wajen ƙasar nan. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan laftof fiye da 800,000 ta raba wa 'yan makaranta. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ƙarin ci gaba a lissafi ko karatun yaran ba. A Jihar Osun an raba wa ɗaliban babbar sakandare kwamfutar hannu mai suna Opon Imo a 2013 da gagarumin biki, yau da wuya ka ji ana zancenta. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ja kunnen gwamnatoci da su dubi abin da yara suka koya, su rage ƙirga na'urorin da aka raba. Ba ma sai an tsallaka teku ba. Hukumomin tarayya irin su USPF da NITDA sun kai kwamfutoci makarantu da dama a ƙasar nan, kuma an gode musu. Amma ku shiga wasu makarantun ku ce a buɗe muku ɗakin kwamfuta. Za a fara neman mai makulli. Idan an buɗe, za ku tarar da su jere, an lulluɓe su da leda, ƙurar hunturu ta yi musu hula. Batiran sola sun mutu, ba a ware ko sisi na gyara ba, malamin da ya iya kunna su an yi masa canjin wurin aiki. Shi kuma shugaban makaranta ba mugunta ce ta sa ya kulle ba, tsoro ne. Ya san idan ɗaya ta lalace ko ta ɓata shi za a tuhuma, amma idan suka shekara biyar ba a taɓa su ba, ba mai tambayarsa. Duk wanda aka ɗora a kan irin wannan ma'auni kullewa zai yi.

Yanzu ga wani darasi da na gani da idona, a ajin wata malama abokiyar aikina, 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Husufin wata take koyarwa. Ba ta fara da waya ba. Ta tambayi yaran me suke yi a unguwa idan wata ya yi duhu da daddare, aji ya kaure da surutu, kowa na ba da labarin kaɗa gwangwani da zagaya gari, wani ya ce ai wata ne ya bi hanyar rana, rana ta kama shi. Ba ta ce masa ƙarya ne ba. Ta juya ta rubuta a allo: me ke shiga tsakanin rana da wata? Ta ce kowane rukuni ya rubuta hasashensa a takarda ya kife. Sannan ta fito da wayarta, wata tsohuwar Android mai tsagaggen gilashi. A ciki akwai bidiyon da bai kai minti biyu ba, wanda ta sauke ranar da ta shiga Azare inda sabis ke da ƙarfi. Ta kashe muryar, don Turancin Ba'amurken da ke bayani ko mu manya sai mun kasa kunne. Rukuni-rukuni suke zuwa teburinta, mutum goma-goma, tana tsayar da hoton inda duniya ta daidaita tsakanin rana da wata, tana bayani da Hausa, tana ba su kalmomin Turancin da za su gamu da su a jarrabawa. Waɗanda ba a zo kansu ba suna zana abin da ke allo, ba wanda ya zauna haka kawai. Da kowa ya gani, sai ta sa aka tura ƙyauren ƙofa, aka tare taga da tabarma, ta kunna tocilan ɗin wayar ta ba wani yaro ya zama rana, wata yarinya ta riƙe ƙwallo ta zama duniya, ƙaramin cikinsu ya riƙe lemo yana zagayawa. Da inuwar ƙwallon ta faɗa kan lemon, yaron nan mai cewa rana ta kama wata shi ya fara ihu: "Malama, duniya ce ta tare!" Ta ce to kowa ya buɗe takardar da ya kife ya gyara da kansa.

Wayar ba ta yi aikin da ya kai rubu'in lokacin darasin ba. Gwanintar malamar tana wajen sanin lokacin fito da ita da lokacin mayar da ita jaka, da abin da sauran yara saba'in za su riƙa yi yayin da goma ke kallo, da tambayar da za a dasa musu kafin su kalla. Wannan shi ne ilimin da muke buƙata, kuma ban taɓa jin an koyar da shi a zauren bita ba. Ita ƙanenta ne ya nuna mata yadda ake sauke bidiyo, sauran kuwa basirarta ce ta malanta. Sunanta bai taɓa fitowa a jerin kowace bita ba.

Saboda haka horon ya kamata ya bi darasi-darasi. Buƙatar malamin lissafi daban take da ta malamin Hausa, haɗa su a zaure ɗaya ana karanta musu tarihin kwamfuta ɓata lokacin kowa ne. Malamin lissafi a zaunar da shi da manhajar lissafi ta GeoGebra har ya iya ja wa yara kusurwar alwatika su ga jimillar ba ta sauyawa daga 180. Mu na kimiyya akwai PhET na Jami'ar Colorado, kyauta ne, ana sauke shi a yi aiki da shi ba intanet, yaro ya haɗa batir da wayar wuta da ƙwan fitila a kan allo a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Malamin Turanci ya koyi naɗar muryar yaro yana karatu, ya kunna masa ya ji inda yake tuntuɓe. Malamin addini ya san inda zai samo ƙira'a mai kyau ya kunna wa yara a ƙaramar sifika. Malamin Hausa kuwa abin takaici ne a ce har yau yana buga tambayoyin jarrabawa babu ƙ da ɗ da ɓ, alhali cikin minti biyu ake saita Gboard, madannan rubutu na waya, ta fito da su. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft, yana bin manhajar karatunmu, har da darussa cikin Hausa. Ku shiga ofishin malamai na kowace makarantar karkara ku tambayi wa ya taɓa koyar da darasi da shi, ba wa ya yi rajista ba. Kolibri ma na nan, inda laftof guda za ta riƙe darussa ta raba wa wayoyin da ke kusa da ita ba tare da data ba.

In kuna neman ƙofar shiga zuciyar tsofaffin malamai, ku fara da haɗa sakamako. Duk ƙarshen zango malami na raba dare da fitila da kalkuleta yana tara makin gwaji da na jarrabawa na yara ɗaruruwa, yana fitar da na ɗaya har na ƙarshe, ya yi kuskure ya goge ya sake. Ranar da dattijo ya ga Excel ta yi masa wannan aiki kafin ruwan shayi ya tafasa, ba sai an roƙe shi ya dawo mako mai zuwa ba. Amma a lura da kunya. Malamin da ya shekara talatin yana koyarwa ba zai ɗaga hannu a gaban ɗan bautar ƙasa sa'an ɗansa ya ce bai san inda ake kunnawa ba. Zai yi shiru, ya gyaɗa kai, ya karɓi satifiket. A cikin makarantarsa, tsakanin mutum huɗu ko biyar da suka saba, zai tambaya har sau goma. Haka malamai mata. Bitar da za ta sa mace ta kwana uku a wani gari ta riga ta tankaɗe mafi yawansu tun kafin a fara, alhali awa ɗaya bayan tashi, a makarantar da take koyarwa, ba mai hana ta.

Duk tsarin da aka gina a kan cewa akwai wuta da intanet ya rushe tun a takarda. Kun tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da mafi yawan Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, ba makarantar gwamnatin da za ta iya ciyar da janareta daga abin da ke hannunta. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa Naira 70,000 ne, buhun masara kuma bai san da wannan ba. Malamin da ke kai wayarsa shagon mai caji, ya biya, ya dawo ya karɓa da yamma, shi ake cewa ya kunna wa yara bidiyo kai tsaye daga YouTube. Abin da ya kamata a fara koya masa shi ne yadda zai sauke abu sau ɗaya ya adana a katin memori, ya tura wa abokin aikinsa ta Xender ko Bluetooth, makaranta ta tara rumbunta na darussa da kaɗan-kaɗan. Kuɗin babban allon zamani guda ɗaya, irin wanda ake taɓawa da yatsa, zai saya wa makarantu da yawa ƙaramin faifan sola da batirin cajin waya da sifika. Na san allon ya fi kyau a hoto.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Bauchi ta riga ta san hanyar da ke aiki. Shirin NEI Plus da USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, ta ɗauki nauyi daga 2015 a Bauchi da Sakkwato, wanda ya kawo darussan koyon karatu na Mu Karanta a azuzuwan farko na firamare, bai tsaya a bita kawai ba. Jami'i na zuwa ya zauna a bayan aji ya kalli darasi, a tashi su keɓe da malami su tattauna, malamai kuma na haɗuwa lokaci-lokaci su gwada wa juna koyarwa. Ku tambayi malaman firamaren da suka yi zamanin abin da ya fi zauna musu, za ku ji sun ambaci wannan bibiya. Jami'an tallafa wa makarantu suna nan, sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 20 suna nan. Abin da yawanci ke hana jami'i zuwa ƙauye shi ne man babur. Masu horarwa ma ba sai an yi hayarsu daga nesa ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, ga ta Kangere, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau. Akwai mutanen da suka san fasahar, suka san ajinmu, za su yi bayani da Hausa, in ta kama su juya Fulatanci ko Jaranci ko Sayanci. Kwalejojin nan su ma a dube su, don ɗalibin NCE da ya haddace ma'anar kwamfuta ya ci jarrabawa, amma bai taɓa shirya darasi guda da ita ba, gobe shi ne zai zo mana a matsayin sabon malami, a sake kashe kuɗin bita a kansa.

Zaman malamai su koya wa juna ba baƙon abu ba ne a garin nan. A shekarun 1940 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suna koyarwa a Midil ta Bauchi, su da Malam Sa'adu Zungur suka raya zauren tattaunawar da har yau ake ba da labarinsa. Ba a ba su kuɗin zama ba.

Masu ba da tallafi kuwa baƙi ne, kuma rushe USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025 ya isa ya nuna cewa ba a ɗora musu abin da ake so ya ɗore. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma a ciki akwai kason da aka keɓe don horar da malamai. Ban ce a ƙaro kuɗi ba tukuna. Na ce a duba nawa ke tafiya a hayar zaure da abinci da ƙyalle da jakunkuna masu tambari, a juya shi zuwa man baburan masu bibiya, da datar da za ta shiga layin malami kai tsaye, da ɗan abin gyara a hannun shugaban makaranta.

Wataƙila wasu za su kawo muku shawarar a yi irin na Edo, inda shirin EdoBEST ya fara a 2018, aka ba kowane malami kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin ranar a rubuce, tana kuma nuna lokacin da ya zo da lokacin da ya tashi. Legas da Kwara sun bi wannan hanya. Akwai abin koyi a ciki, musamman ga malamin da bai da ƙarfi a darasinsa, kuma ba na jayayya cewa fashin zuwa aiki ciwo ne a makarantunmu. Sai dai ina jan hankalinku kan abu biyu. Idan malami ya zama mai karanta abin da aka rubuto masa kalma bayan kalma, darasin husufin da na ba ku labari ba zai taɓa faruwa ba, don babu tabarma da lemo a rubutun. Na biyu, idan ya fahimci an ba shi na'urar ne don a riƙa bin sawunsa kawai, zai koyi yadda ake yi mata wayo kafin ya koyi koyarwa da ita. Kada kuma ku manta da abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda malaman firamare fiye da 21,000 suka faɗi jarrabawar gwaji aka sallame su. Tun daga lokacin, duk malamin Arewa da aka ce masa ya zo a gwada iyawarsa a kwamfuta, abin da ke fara faɗo masa shi ne kora. Idan za a auna matakin kowa kafin a fara horo, kuma ya kamata a auna, to a fito fili a rubuce a ce ba na sallama ba ne. In ba haka ba, wanda bai iya ba zai ɓuya, ko ya turo wani ya zauna masa.

Akwai wani abin da ya riga ya shigo aji ba tare da sallama ba. Tun 2024 Meta AI, wanda ake yi wa tambaya ya rubuto amsa kamar mutum, ke cikin WhatsApp ɗin kowa, ga irinsa ChatGPT. Malamai matasa sun fara ce masa ya rubuta musu shirin darasi, su kwafe a littafi su kai a sa hannu. Wani lokaci ya yi daidai, wani lokaci ya shirga kuskure cikin kyakkyawan Turanci, ya kawo misalin dusar ƙanƙara ga yaron da ke Gamawa. Ɗalibai ma sun gano shi wajen aikin gida. Hana shi ba zai yiwu ba. A gwajin da Bankin Duniya ya yi a Edo a 2024, na mako shida bayan tashi daga makaranta, yaran sun amfana, amma da malami tsaye a kansu yana jagora. Ke nan malami ne ya kamata ya fara sanin yadda ake tambayarsa, da yadda ake tantance amsarsa da littafin manhaja. A haɗa da tarbiyyar riƙe sirrin yara. Malami ya ɗauki hoton 'yan mata a aji, ko bidiyon yaron da ya kasa karatu, ya ɗora a Facebook ana dariya, bai san ya taka Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ba, balle haƙƙin iyayen da suka ba shi amana.

'Yan uwana malamai, mu ma da namu. Akwai wanda ba abin da ke kai shi bita sai ambulan. Akwai wanda datarsa ba ta ƙarewa a TikTok, har a lokacin darasi, amma idan aka ce ya sauke wa yara bidiyon minti biyu sai ya tuna albashi bai shigo ba. Akwai mai cewa ai shi ya kusa ritaya, kamar yaran da ke gabansa su ma ritayar za su yi. Wannan ba hukuma ce za ta gyara mana shi ba. Amma, ranku ya daɗe, tsari ne ke ciyar da halin. Muddin satifiket ne ake ƙirgawa wajen ƙarin girma, satifiket za a yi ta farauta. A mayar da shi cewa sai jami'i ya zauna a ajinka ya ga darasin da ka koyar da abin da aka horar da kai, ya duba littattafan yara, sannan a rubuta maka. Malamin da ya koya wa abokan aikinsa biyar har suka iya, a sa masa a fayil. A riƙa liƙa sunayen waɗanda aka zaɓa zuwa kowace bita a allon sanarwa na ofishin sakataren ilimi, da makarantar kowa da darasin da yake koyarwa, don kowa ya gani. Kada a ɗauke malamin da ke riƙe da ɗakin kwamfuta sai an sami wanda ya karɓa daga hannunsa. A kuma rubuta wa shugabannin makarantu cewa na'urar da ta lalace a hannun ɗalibi wajen koyo ba laifi ba ce, wadda aka tarar a kulle ita ce abin tuhuma.

Ban nemi a yi wannan a jiha gaba ɗaya lokaci guda ba. A ɗauki gungun makarantu guda a kowace shiyya, ɗaya a kudu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a arewa, kuma a zaɓi na karkara da gangan, inda sabis ke wahala, don abin da ya yi aiki a can zai yi a cikin garin Bauchi. A ba su shekarar karatu ɗaya: zaman awa ɗaya duk mako a cikin makaranta, ziyarar mai bibiya sau biyu a wata, faifan sola, da data. A gwada karatun yaran da lissafinsu a farkon shekara, a sake gwadawa a ƙarshe, a kwatanta da makarantun da ke maƙwabtaka da su waɗanda aka yi wa bitar da aka saba. Sannan a buga sakamakon kowa ya gani, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, a kuma karanta shi da Hausa a gidan rediyon jiha don iyaye su ji.

Allah ya yi muku jagora, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Malamin kimiyya a wata ƙaramar sakandare,
ƙasar Katagum, Jihar Bauchi.